Aron Layin Kalgo

Litinin, 7 ga Yuli, 4:20 na yamma

Ƙarfe biyu daidai aka fara gwajin. Na baro makarantar da nake koyarwa da wuri, na ce wa shugabarmu kaina ke ciwo, Allah ya yafe mini.

Bari in rubuta abin yadda yake, ko don ranar da kaina zai ɗauki zafi in manta dalilin shigata. Shekara uku ke nan ina riƙe da 'yar na'urar nan a kan kanta, kusa da tagar ɗakina inda sabis ya fi kamawa. Ita ce kujerata a bulokcen, wato kundin nan guda ɗaya da dubban na'urori a duniya kowace ke riƙe da kwafinsa. Duk daƙiƙa goma sha biyu sabon ƙunshin bayanai yake zuwa, ta sauke shi, ta duba ingancinsa, ta miƙa wa na gaba. In ta makara an wuce ta. Iyakar sanina, daga Gwandu har Birnin Kebbi babu wata sai ita.

Yanzu masu gina tsarin suna son ƙara wa ƙunshin nauyi. Ɗauri shida yake ɗauka a yau, su kuma suna hangen ashirin da wani abu. Kafin su taɓa tsarin gaske sun buɗe na gwaji, na'ura arba'in, za a yi ta ƙara kaya a ga inda layin kowa zai durƙushe. Marta, wadda ke jagorantar gwajin, ta faɗa mini baro-baro a wasiƙarta cewa an ɗauke ni ne saboda layina ya fi na kowa rauni. Inda ya tsaya, a nan za su duba su tsayar da nauyin. In kuwa aka ɗora abin da ya fi ƙarfinsa, ni da ire-irena mun fita ke nan, babu dawowa.

Karo na farko ke nan da lalacewar sabis ɗin Gwandu ta zama abin nema. Na gaya wa maigidana, Malam Atiku, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Ɗauri shida, alamarta a allo kore, wato lafiya lau. Ba ta makara ko sau ɗaya ba.

Laraba, 9 ga Yuli, 6:10 na yamma

Ɗauri tara. Da safe kore shar. Da mutane suka dawo daga gona kowa ya ɗauki waya, sai ta koma ruwan ɗorawa, tana makara amma tana kamo su. Ƙarfen sabis ɗaya ne a gefenmu, ni da masu kallon bidiyon barkwanci duk kwano ɗaya muke ci. Na rubuta wa Marta haka, ta ce irin bayanin da suke nema ke nan.

Alhamis, 10 ga Yuli, 5:40 na yamma

Taron farko ta bidiyo. Sun sa jadawali a allo, sunayen garuruwa arba'in, kowane da launinsa. Gwandu ce ta ƙarshe can ƙasa. Marta ta yi fama da furta sunana, Ummulkhairi, sau biyu, na ce ta tsaya a Ummu kafin ta ciji harshe. Mu huɗu ne masu raunin layi. A cikinmu akwai wani dattijo mai farin gemu da ke zaune a wani tsibiri, hotonsa yana ta tsayawa bakinsa a buɗe. Na ji shi kamar ɗan uwa.

Asabar, 12 ga Yuli, bayan la'asar

Baƙi daga Ceberu, dangin Malam, mata biyar. Tun asuba Inna, surukata, ta tayar da gidan. Ni aka aika maƙwabta aron darduma, da tangaran masu bakin zinare, da fanka mai tsayuwa wadda ko wutar juya ta ba mu da ita. Na ce Inna, mutanen nan fa sun san gidan nan tun kafin a haife ni, sun san tabarmarmu, wataƙila sun san ramin da ke tsakiyarta.

Ta dube ni sama da ƙasa. "To sai mi? Ke so kike su tahi su ce sun ishe mu bisa tsumma? Sanin da sunka yi daban, abin da idonsu za ya gani yau daban. Tahi ki ɗauko."

Na ɗauko. Fankar ta wuni a tsaye ba motsi, baƙi suna fifita da mayafi suna yaba ta. Da suka tafi na yi ta tsokanar Inna har ta jefe ni da maficin hannunta.

Litinin, 14 ga Yuli, 3:00 na rana

Ɗauri goma sha biyu. Tana nishi amma tana ɗauka. Cikin ƙunshi ɗari tana makara a bakwai ko takwas, kuma duk tana kamo su. Ina jin nan ne iyakarta.

Talata, 15 ga Yuli, 5:15 na yamma

Ruwa tun hantsi. Ƙarfen sabis ya ɗauke awa huɗu, sola ba ta cika batir ba. Na kashe firij na bar mata wutar, miyar jiya ta lalace. Inna ta ɗaga murfin tukunyar ta mayar a gabana.

Laraba, 16 ga Yuli, 2:30 na rana

Sha biyar. Ja. Ba ruwan sama, ba cunkoso, rana tsaka, kuma ja. Ta bi su na minti arba'in sannan suka bar ta a baya. Na sake kunna ta sau uku. Ja.

Na san wannan ne aikin. Na sani sarai. Amma zuciyata ba ta karanta wasiƙar Marta ba.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan magariba

Ban so in rubuta ba, amma in ban rubuta ba zan fasa wani abu a gidan nan.

A taron yau layuka talatin da tara kore ne ko ruwan ɗorawa, Gwandu kaɗai ja, a ƙasa. Sai wani matashi mai abin sauraro a kunne, wanda ko gaisuwa bai taɓa yi ba, ya ce yana da tambaya: shin duniya gaba ɗaya za ta tsaya jiran wani ƙauye guda? Ƙauye. Garin da ake karatu a cikinsa tun kakan kakansa bai san harafi ba. Marta ta katse shi, ta ce jan nan shi ne abu mafi daraja a jadawalin. Wasu suka gyaɗa kai irin na tausayi, wanda ya fi maganar yaron ciwo. Ni kuwa da bakina, bakin da 'yan aji uku ke tsoro, murmushi kawai na yi.

Ashe Malam yana tsaye a bayana, ya shigo ɗaukar hula. Bai ji Turancin duka ba, amma ja ba ya buƙatar tafinta.

"Ummu, mi na wanga? Duniya dut tana kallo, garinmu na ƙasa, kuma ja?"

Na yi masa bayani tun daga farko. Na ce jan suke so su gani, don su san inda za su tsaya. Ya saurara, ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "Na ji. Amma dai da kin kai ta Kalgo wurin Ishaya ko na kwana biyu. Shina da farantin nan na tauraron ɗan'adam, layinai awa ruwan famfo. Su gani mu ma ba a baya muke ba."

Ishaya abokinsa ne tun makarantar kwana, yana da shagon kwamfuta a Kalgo inda ɗalibai ke buga takardu. Na ce wa Malam abin da yake faɗa daidai yake da mara lafiya ya aika lafiyayye a ɗebi jininsa. Na ɗaga murya, har Inna ta yi gyaran murya daga ɗakinta. Ya sa hularsa ya fita masallaci.

Juma'a, 18 ga Yuli, 11:00 na safe

Wani ya ɗora hoton jadawalin a dandalin masu na'urori. An zagaye Gwandu da jan layi, an rubuta a ƙasa wai a tara mata taimako. Mutum sittin da ɗaya sun sa alamar dariya. Na ƙirga.

Malam bai sake tayar da zancen Kalgo ba. In rubuta wannan da kyau: bai sake tayar da shi ba.

Juma'a, 4:45 na yamma

Ai ma akwai hujja ta ilimi. Ta yaya zan tabbatar layin ne ya gaza, ba na'urar ba? Sai an gwada ta a layi mai ƙarfi. Kowane mai bincike haka zai yi. Kwana biyu kawai, kuma zan sanar da Marta kafin in kunna.

Asabar, 19 ga Yuli, 6:30 na yamma

Na je Kalgo. Na tafi da jaka a cinya, na dawo da ita a ninke.

Lahadi, 20 ga Yuli, da hantsi

Na goge kantar. Na ɗora kwalbar turare a wurin, ba ta yi kyau ba, na sauke.

Wasiƙar sanar da Marta sai gobe, yau ba ranar aiki ba ce a wurinsu.

Litinin, 21 ga Yuli, 2:20 na rana

Sha takwas. Ina dubawa ta waya. Kore.

Talata, 22 ga Yuli, 2:10 na rana

Kore. Kwana biyun sun cika. Muna tsakiyar jarrabawa, ba yadda zan bar aji in shiga mota.

Alhamis, 24 ga Yuli, 6:00 na yamma

Sun tafa mini. A taron, da jadawalin ya fito, Gwandu ta tashi daga ƙasa ta koma ta sha tara a jerin, kore shar, sai ga tafi a allo ta ko'ina. Yaron nan mai abin kunne ya ce ya janye maganarsa, ya ma kira sunan garin daidai.

Sai Marta ta cire tabarau ta ce, "Ummu, wannan babban canji ne. Ko wani abu ya sauya a wurinki?"

Tambaya ce a miƙe, ƙofa a buɗe. Abin da zan ce bai fi kalma goma ba. Na dubi fuskoki talatin da tara suna murmushi, na ce, "An ɗan samu sauƙi."

An ɗan samu sauƙi. Abin da muke ce wa mai gaishe mu da jiki ko da muna kan gargara. Ita kuwa ta ɗauka labari na ba ta, na gan ta tana rubutawa.

Malam ya shigo da balangu mai zafi a takarda, ya ce wa Inna yau ɗiyarta ta fitar da Gwandu kunya. Inna ta sa albarka. Na ci naman, kuma ya yi daɗi. Tafin ma ya yi mini daɗi, har cikin ƙashina na ji shi. Wannan ne ba na jin zan iya yafe wa kaina.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan la'asar

Na tafi ɗauko ta. Wallahi da niyyar ɗauko ta na fita.

Motar ta cika da buhunan taki da wasu mata 'yan Dalijan masu zuwa asibiti. Muka sauka Birnin Kebbi, na sake wata zuwa Kalgo. Na tarar Ishaya ya yi wa na'urar gata. Ya ɗauke ta daga ƙasan tebur ya ɗora a kan kujerarsa, ya juya mata fanka, ya hana ɗalibai jingina a wurin.

"Malama, baƙuwarki lafiya lau take," in ji shi. "Ko sau ɗaya ba ta yi tari ba. Na gaya wa masu zuwa nan, wannan akwatin da kuke gani da Turawa take magana." Ya kawo mini lemo mai sanyi, ya zauna. "To in an gama gwajin, nan za ta zauna ko gida za ta koma?"

Na ce gida.

"To layin gidan zai ɗauki abin da take ɗauka a nan?"

Ba da wata manufa ya tambaya ba, mutum ne mai son sanin yadda abu ke aiki. Na ce lemon ya yi sanyi da yawa, haƙorina.

Na tsaya a gabanta hannuna a kan waya, in zare kawai. Sai na tuna jibi za a ɗora ashirin da huɗu, makon ƙarshe. In na mayar da ita Gwandu za ta faɗo daga kore zuwa ja a dare ɗaya, kuma Marta za ta sake cire tabarau. Na ce wa Ishaya ta ƙara mako guda. Ya ce ko shekara ce.

A hanyar dawowa shinkafa ta yi kore a fadama har iyakar gani. Na juya fuskata cikin mota.

Litinin, 28 ga Yuli, 2:05 na rana

Ashirin da huɗu. Kore.

Talata, 29 ga Yuli, 2:00 na rana

Kore. Na yi addu'a hadari ya rufe farantin Ishaya. Rana ta fito tas.

Laraba, 30 ga Yuli, da safe

An ba da hutu. 'Yan aji uku sun zo sallama, wata ta ce in ta girma irina take son zama. Na ce ta je ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

Alhamis, 31 ga Yuli, bayan magariba

Taron ƙarshe. Sauran masu raunin layi uku duk sun faɗi, biyu a sha takwas, dattijon tsibiri a sha biyar, washegarin taron da Gwandu ta fito ja ita kaɗai. Da ina cikinsu, da mu huɗu ne ja a jere, kuma babu mai iya cewa bai gani ba. Amma ga Gwandu, wadda aka rubuta a takarda ta fi kowa rauni, ta ɗauki ashirin da huɗu ba gumi. Sai lissafin ya fito musu da sauƙi: tunda mafi rauni ta ɗauka, matsalar sauran ba layi ba ce, saitin na'urorinsu ne. Za su ba da shawarar ashirin da ɗaya, wai sun bar rata saboda tausayi.

Marta ta ce ba ta gamsu sosai ba, amma lambobi sun yi magana. Ta ce lambobin Ummu.

Kafin a tashi dattijon ya nemi magana. Hotonsa ya tsaya sau biyu kafin ya gama. Ya ce shekara biyar yana riƙe da na'urarsa, ba ya son ya fita. Ya ce, "'Yar'uwa, ki taimake ni da saitin da kika yi amfani da shi. Duk abin da kika yi zan yi."

Na ce to. Na tura masa saitin, irin nasa ne sak, ba bambancin ko ɗigo. Ya aiko godiya mai tsawo, ya ce zai kwana gwadawa.

Juma'a, 1 ga Agusta, 1:00 na rana

Ban ci komai ba. Inna ta tambaya ko ciki ne. Da ma shi ne.

Asabar, 2 ga Agusta, 5:50 na yamma

Na dawo da ita. Ishaya ya naɗe ta da tawul, ya raka ni har tasha.

Tsarin gwajin yana nan a kunne, sun bar shi a ashirin da ɗaya. Na mayar da ita kan kanta, na haɗa, na zauna a ƙasa ina kallo. Ƙunshi na farko ya zo, tana cikin saukewa na biyu ya iso, na uku ya hau kansa. Cikin minti shida an ba ta ratar ƙunshi ashirin. Cikin awa guda, ɗari biyu. Ba ta lalace ba, fitilarta tana ƙiftawa, tana iya ƙoƙarinta, ratar ce kawai ke ƙaruwa.

Haka za ta yi a tsarin gaske ranar da aka ɗora. Na ga ranar da idona tun ba ta zo ba.

Lahadi, 3 ga Agusta, bayan azahar

Na gaya musu. Muna tsakar gida, Inna tana tsince wake. Na ce wa Malam koren nan da ya sayi nama a kansa shi ne zai fitar da na'urata daga tsarin, da ta dattijon, da ta duk wanda layinsa irin namu ne. Na faɗa a hankali, ban yi kuka ba sai daga baya.

Ya ce, "Ni na ce ki kai ta."

"Kai ka faɗa, Malam, na kuma ƙi. Ni na sa ta a jaka."

"Ban san haka abin yake ba, Ummu. Na ɗauka awa gasa ta, wanda ya hi kowa shi aka so."

Shi bai sani ba. Ni na sani, a rubuce ma aka ba ni.

Inna ba ta ɗago daga tiren ba. Na ɗauka ba ta bi zancen ba, sai ta ce, "Ɗiyata, ni in na aro darduma, baƙi na zamnawa su tashi su tahi. Waɗanga naki, in na gane, awon ɗakin sunka zo yi don su yanka miki shimhiɗa. Kin kai su ɗakin wani." Ta watsar da tsakuwa. "Ki hwaɗa musu. Yau."

Na zauna na rubuta wasiƙar. Shafi ɗaya da rabi, ranar da na kai ta, ranar da na ɗauko, abin da na ce da aka tambaye ni. Na roƙi su yi aiki da lambobin makonni biyun farko, su ne na gaskiya.

Litinin, 4 ga Agusta, 10:30 na safe

Ban tura ba. Turancin bai zauna ba. Akwai wurin da na rubuta na yi ƙarya, ina neman kalmar da ta fi wannan laushi.

Litinin, 5:00 na yamma

Babu wata kalmar. Na duba ƙamus biyu.

Dattijon ya rubuto. Ya gwada saitin sau tara, har yanzu ja. Yana tambaya ko akwai abin da ya manta.

Talata, 5 ga Agusta, 7:15 na safe

Na tura, da kalmar yadda take. Na tura wa dattijon kwafi.

Laraba, 6 ga Agusta, 4:00 na yamma

Shiru.

Alhamis, 7 ga Agusta, 4:00 na yamma

Lokacin taro ne, amma babu taro. Na zauna a gaban allo duk da haka. Malam ya leƙo ya koma. Kwanan nan a hankali yake tafiya a gidan, kamar akwai mara lafiya.

Dattijon bai amsa ba. Gara ya zage ni.

Juma'a, 8 ga Agusta, 3:40 na yamma

Marta ta amsa. Ba zagi, ba faɗa, da ma ta yi. Ta gode da na faɗa, ta ce ta san ba abu ne mai sauƙi ba.

Sannan ta ce babban taron masu gina tsarin ya zauna ranar Litinin da yamma, an amince da ashirin da ɗaya, an rufe, an sa ranar ɗorawa a watan Oktoba. Ta ce ta shiga taron tana neman hujja guda da za ta ce a dakata, ba ta da ita. Ta kai musu wasiƙata ranar Talata, suka ce ba a buɗe abin da aka rufe saboda na'ura ɗaya.

Ranar Litinin da yamma. Ina nan zaune da ƙamus a cinya.

Akwai sakin layi na ƙarshe. Ƙa'idarsu ce, in aka samu na'urar da ta sauya wuri ba sanarwa, ana cire lambobinta duka daga rahoton, don ba a san daga ina za a fara yarda da su ba. Duka, har na makonni biyun farko. Har ranar ruwan sama da na kashe firij.

Asabar, 9 ga Agusta, da hantsi

Inna ta aiko mini da fura. Tana nan a rufe.

Litinin, 11 ga Agusta, 2:00 na rana

Rahoton ya fito. Shafi arba'in da shida, na karanta shi tsaf. A shafi na uku an rubuta cewa na'ura talatin da tara ne suka shiga gwajin. Na bi jadawalin da yatsa har ƙasa, na sake bi. Na ƙarshe yanzu dattijon tsibiri ne, ja, shi kaɗai a sha biyar, an sa 'yar alama a gefen sunansa wai ana zaton matsalar saiti ce.

Malam ya tambaya ko an ambaci Gwandu. Na ce a'a. 

Na mayar da na'urar kan tsarin gaske, inda har yanzu ɗauri shida ne. Kore take, tana saukewa tana miƙawa, ba ta makara ko sau ɗaya ba tun safe. Saura mata mako tara.

Sha biyu layin Gwandu ke ɗauka. Cikin ƙunshi ɗari yana makara a bakwai ko takwas, kuma yana kamo su. Ni na auna, a ɗakin nan, ranar Litinin sha huɗu ga Yuli, kuma gaskiya ne. Babu wanda zai sake tambayata.